Ma'aikaci Ɗaya, Iyayengiji Uku: Jagora Kan Rabon Kwanakin Ma'aikacin Haɗaka

Duk wanda ya taɓa riƙe wani aiki na jama'a a yammacin Zamfara, na asibiti ne ko na ruwan sha ko na makaranta, ya san cewa abin da ya fi kuɗi wuyar samu a ƙasar nan tamu shi ne mutumin da ya iya aiki kuma ya yarda ya zauna. Kuɗi sukan zo ko da a makare, motoci ma sukan zo, amma mai awon jini wanda hannunsa ya faɗa, ko makanikin da ya san cikin rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, ko malamar asibiti wadda za ta iya shiga gidan da namiji ba ya shiga, waɗannan 'yan ƙalilan ne, har sau da yawa ya zamana mutum guda ake jira a Anka, ana cigiyarsa a Bukkuyum, an kuma riga an rubuta sunansa cikin takardar aikin Gummi, alhali kuwa Allah bai halicce shi da jiki uku ba. Irin wannan mutum shi nake kira ma'aikacin haɗaka, kuma nufina a nan in bayyana wa masu shugabancin ayyuka yadda za su raba shi a tsakaninsu ba tare da aikin ya tozarta ba, ba kuma tare da an zalunce shi ba.

Abin da ya ƙara wa mas'alar nauyi a zamanin nan shi ne wata hanyar gudanar da aiki da ta fara shigowa ofisoshin kamfanoni da na ƙungiyoyi, wadda Turawa ke kira ajail, watau aiki mai saurin juyi. Ya kamata in faɗakar da mai karatu na Zamfara cewa wannan daban take da shirin AGILE na karatun 'yan mata wanda Bankin Duniya ke tallafa wa, suna ne kawai ya zo ɗaya. Asalinta daga masu rubuta manhajar kwamfuta ne: a watan Fabrairu na 2001 mutum 17 daga cikinsu suka taru a wani wuri da ake kira Snowbird a jihar Yuta ta Amurka, suka daidaita a kan cewa maimakon a zana shirin shekara guda a bi shi ido rufe, gara a yanka aiki gunduwa-gunduwa, ana gama kowace gunduwa ana nuna wa mai aiki ana karɓar gyara. Reshenta da ya fi shahara shi ne Sikram, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka tsara, inda ƙungiya ƙarama, galibi mutum 10 ko ƙasa da haka, take ɗaukar aikin da za ta iya gamawa cikin zango guda wanda bai wuce wata ɗaya ba, tana kuma haɗuwa kullum minti 15 kowa ya faɗi inda ya kwana da abin da ya tare masa hanya. To, dukan wannan gini an ɗora shi ne a kan zaton cewa kowane mutum na ƙungiya guda ne, safe da yamma. Da zarar an ce mutum ɗaya na ƙungiya uku ne, sai ginshiƙin ya girgiza, domin kowace ƙungiya za ta yi alkawarin zangonta tana lissafi da shi kamar nata ne ita kaɗai.

Mu kuwa ba baƙin wannan mas'ala ba ne, malamanmu sun daɗe da tattauna ta da wasu sunaye. A babin ijara fukaha'u sun raba ɗan ƙodago gida biyu. Akwai wanda suka kira ajirun khass, wanda mutum guda ya ɗauka na wani lokaci sananne, ladansa yana rataye da lokacin da ya miƙa kansa. Akwai kuma ajirun mushtarak, kamar maɗinki ko marini ko maƙeri, wanda ke zaune a rumfarsa yana karɓar aikin kowa, ladansa yana rataye da aikin da ya gama. Wannan rabo shi ne tambayar farko da ya wajaba shugabanni su yi wa kansu tun kafin su soma jayayya a kan kwanaki: shin wannan mutum lalle sai ya je wurin aikin, ko kuwa aikin yana iya zuwa wurinsa? Mai tsara alƙaluman rahoto a kwamfuta, ko akawun da ke daidaita lissafin kuɗi, babu wata larura da za ta sa a riƙa yawo da shi bisa babur tsakanin garuruwa uku. A zaunar da shi wuri guda kamar maƙeri, a riƙa kawo masa aiki yana bin layi, wanda ya riga zuwa ya riga samu sai fa in an yi shawara an canja. Amma mai gyaran burtsatse da ungozoma ba haka suke ba, domin rijiya ba ta tafiya, mai naƙuda kuma ba a ce mata ta jira ranar kasuwa. Mafi yawan rikicin da na gani a ofisoshi ya taso ne daga cakuɗa waɗannan biyu, a ɗauki mutum da sharaɗin ajirun khass, a riƙa tuhumarsa da hukuncin ajirun mushtarak, ko akasin haka.

In ya tabbata sai ya je, to ƙa'ida ta gaba, wadda a ganina ita ce uwar sauran, ita ce a ba shi ubangida guda. Alƙur'ani mai girma, a Suratuz Zumar aya ta 29, ya buga misali da bawan da abokan tarayya masu saɓani suka haɗu a kansa da kuma wanda yake na mutum ɗaya. Ayar tana magana ne a kan tauhidi, ba ni kuma da nufin in kawar da ita daga ma'anarta, amma hoton da ta zana kowa ya ga irinsa da idonsa. Mutumin da shugabanni uku ke kira ta waya, kowanne yana cewa nasa ne na gaggawa, ba ya bin wanda aikinsa ya fi muhimmanci, yana bin wanda ya fi faɗa ne, ko wanda ya fi girma, ko wanda ya kira a ƙarshe. A nan kuma al'adarmu tana ƙara wa abin wuya, domin yaron da aka yi wa tarbiyya a gidan Bahaushe ba zai iya kallon babban mutum ya ce masa ba zan zo ba. Zai ce to, ranka ya daɗe, in sha Allahu, ya faɗa wa na biyu haka, ya faɗa wa na uku haka, ba don ƙarya ba sai don alkunya, sa'an nan ya kwana yana tunanin wanda zai saɓa wa. Saboda haka sai a naɗa mutum guda, ko shugaban sashe ne ko wani dattijo cikin shugabannin ayyukan wanda sauran suka amince da adalcinsa, a ce daga yau kwanakin wane suna hannunsa, duk mai bukata ya je wurinsa. A kuma sanar da ma'aikacin a gaban kowa cewa in wani ya kira shi kai tsaye, amsar da za ta fisshe shi ita ce ya ce, Malam, don Allah a yi wa wane magana, shi ke riƙe da jadawalina. Wannan ya cire masa nauyin cewa a'a, ya mayar da nauyin kan wanda ke da ikon ɗauka.

Sa'an nan a zauna a ƙidaya kwanakinsa na gaskiya, waɗanda suka rage bayan an cire abin da hanya da hali suka ci. A takarda mako biyu kwana 10 ne na aiki. Amma wanda ya san hanyar da ta taso daga Anka ta bi ta Daki Takwas zuwa Gummi, ya san yadda hanyoyin ƙauye irin ta Bagega ke zama in damina ta nutsa, ya kuma san cewa saboda halin tsaron da muke ciki mai hankali ba ya sammakon asuba kuma ba ya bari la'asar sakaliya ta same shi a daji, ya san kowace ƙaura daga gari zuwa gari tana cin aƙalla rabin yini. Mu ɗauka an ce ya zaga garuruwan uku kowane mako: tafiya uku ke nan, yini ɗaya da rabi daga cikin biyar, ga kuma Juma'a wadda rabinta na masallaci ne. In kuwa aka ce ya zaga su sau ɗaya a mako biyu, yini ɗaya da rabin nan daga cikin goma za a cire, an ceto masa yini ɗaya da rabi ba tare da an kashe ko kwabo ba. Akwai kuma wata hasara da ba a gani a hanya, wadda take cikin kai: mutum in ya bar aiki ya koma wani, sai ya ɓata lokaci yana tuno inda ya tsaya, yana neman takardu, yana gaisawa da mutane, yana gano abin da aka taɓa bayan tafiyarsa. Wani Ba'amurke mai suna Gerald Weinberg, wanda ya daɗe yana nazarin masu aikin kwamfuta, ya yi kirdado a 1992 cewa kowane aiki da aka ƙara wa mutum yana cin kamar kashi 20 cikin 100 na lokacinsa a wajen juyawa kawai, har in ayyukan sun kai uku kusan kashi 40 ya tafi a banza. Kirdado ne na mai gogayya, ba awo ba ne na ma'auni, amma manomin da ya taɓa raba shanun huɗa tsakanin gonaki uku ranar da aka yi ruwan shuka ba zai musa masa ba. Hausawa dai sun riga sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Daga abin da ya rage kuma kada a rabe shi ƙaf. A bar kwana ɗaya ko biyu cikin goman nan babu sunan kowa a kansu, domin zazzaɓi yana zuwa, rasuwa tana zuwa, mota tana lalacewa, kuma jadawalin da aka cika maƙil rana ɗaya in ta goce sai sauran duka su bi ta.

Yanzu sai rabon kansa, kuma a nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya natsu. Al'adar ofis ita ce a rubuta cewa wane kashi 50 nasa na aikin Anka ne, kashi 30 na Bukkuyum, kashi 20 na Gummi. Wannan rabo yana da amfani ga akawu wajen sanin aljihun da albashi zai fito, amma ba ya gaya wa kowa inda mutumin zai kwana ranar Talata, kuma tun da ba wanda ya san iyakar kashinsa a cikin yini, kowa zai riƙa jin an tauye shi. Malikawa suna da maganin wannan a babin kisma, abin da suka kira muhaya'a, watau abokan tarayya su raba amfanin abu ta hanyar karɓa-karɓa, kowa ya riƙe shi ɗungurungum na wani lokaci ambatacce sa'an nan ya miƙa. Shehu Halilu ya kawo ta a farkon babin cikin Muhtasar, inda ya ba da misali da hidimar bawa ta wata guda da kuma zaman gida na shekaru, masu sharhi kuma suka bayyana cewa an gajarta wa'adin mai rai ne saboda halinsa yana saurin canjawa, saɓanin gida. Ma'aikacinmu ɗa ne mai 'yanci, sai da yardarsa ake raba kwanakinsa, amma hikimar tana nan: a raba da lokaci cikakke, a ambaci farkonsa da ƙarshensa, kada kuma wa'adin ya yi tsawo. Matan gidajenmu ma sun fi mu sanin wannan, domin rabon kwana da girki bibbiyu da aka saba da shi ya zauna lafiya ne saboda kowace ta san ranarta tun kafin ta zo, ba ta kuma shiga ranar 'yar'uwarta sai da izininta. Haka nan tsarin gandu da gayauna, inda ɗa ya san lokacin da ke na gonar gida da wanda ke nasa. Saboda haka a ce: Litinin zuwa Alhamis ta makon farko na Anka ne, Juma'a ta hanya ce, Litinin da Talata ta mako na biyu na Bukkuyum, Laraba hanya, Alhamis na Gummi, a zango na gaba kuma a juya domin kada Gummi ta zama kullum ita ce mai cin ƙanzo. Ƙungiyar da ba ranarta ba ce kada ta ɗauki alkawarin wani abu da ke bukatarsa a wannan rana, kuma wannan shi ne abin da ya kamata ta fara dubawa ranar da take shirya zangonta.

Zaman rabon nan a yi shi kafin kowane zango, shugabannin ayyuka da mai riƙe da jadawali da shi ma'aikacin, kada ya wuce sa'a guda. Ciniki tsakanin shugabanni ne, su yi shi a junansu ido da ido. Aikin ma'aikacin a wurin shi ne ya faɗi gaskiyar kwana nawa kowane abu zai ci, a kuma karɓi maganarsa, domin shi ne zai yi.

Abin da aka daidaita a kansa a rubuta shi a allo, a rataye inda kowa ke gani. Wannan dabara ta samo asali ne daga masana'antar motoci ta Toyota a Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a hannun Taiichi Ohno, ana kiranta kamban, amma baƙin allo da alli sun isa. A ja layi biyu a raba shi gida uku: abin da ke jira, abin da ke hannu, abin da aka gama. Sharaɗin da ke ba allon albarka shi ne kada gidan tsakiya ya ɗauki fiye da abu ɗaya, in ya yi yawa biyu, kuma ba a shigar da sabo sai tsoho ya fita. Allo ɗaya ne na mutumin, ba kowane aiki da nasa ba, domin shugaban Gummi ya ga da idonsa abin da ke gaban nasa a layi ya daina zaton an manta da shi. In akwai waya a ɗauki hotonsa a aika wa kowa ta WhatsApp, amma a ajiye kwafi na takarda a kowane gari. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka ɗauki makonni ba mai jin ɗuriyar wani sai da ɗan aike. A irin wannan hali jadawalin da ke rubuce a bango shi kaɗai ne zai gaya wa mutanen Bukkuyum ranar da za su sa ido.

Akwai darasi kuma a cikin babbar musibar da ta auka wa ƙasar nan, wanda nake ganin ya fi duk abin da za a karanto daga waje. A watan Maris na 2010 ma'aikatan Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, watau MSF, suka ci karo da mace-macen yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bincike kuma ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, ƙurar tana zuba inda yara ke rarrafe. An ƙiyasta yara wajen 400 suka rasu. Aiki ya kasu kashi-kashi, ga kwashe gurɓatacciyar ƙasa a maye ta da mai tsabta, ga ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini, ga wayar da kan masu haƙa, kuma ƙwararrun da suka iya na'urar awon ƙasa da ta awon jini ba su da yawa. Ba a far wa ƙauyukan gaba ɗaya ba. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, damina ta tsayar da aiki, sa'an nan aka koma kan Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru har zuwa farkon 2011. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin share ta, likitoci kuma suka tsaya a kan cewa ba za a buɗe maganin gaba ɗaya a garin ba sai an share ƙasa, domin yaron da aka wanke wa jini ya koma ya zauna cikin ƙurar nan wahala kawai aka ba shi. Jinkirin sakin kuɗin abin baƙin ciki ne da bai kamata a manta ba, amma ƙa'idar da likitocin suka riƙe daidai ce, kuma ita nake so a ara: ma'aikacin haɗaka kada ya taso sai abin da ya kamata ya riga shi ya kammala. Kafin ranar Bukkuyum ta zo, shugaban aikin Bukkuyum ya tabbatar kayan aiki sun iso, an sami man janareta, an sanar da mai gari, mutanen da za a gani sun san da zuwansa. In waɗannan ba su cika ba kwana biyu kafin ranar, sai mai riƙe da jadawali ya ba wani ranar. Na taɓa ganin makanikin burtsatse ya kwana uku a wani gari yana jiran bututun da aka ce yana hanya, alhali a garin da ya baro mata suna tafiya mai nisa neman ruwa, har yau kuma abin yana ci mini rai. Yadda aka sa sharaɗin shiga, haka za a sa na fita: a faɗi tun farko abin da in ya tabbata za a ce an gama, misali ruwa ya fito ya yi yini yana zuba, an kuma nuna wa mai kula da famfo yadda zai kashe ya kunna, domin aikin da aka bari saura kaɗan shi ne ke dawo da mutum sau uku.

Game da taruka, kada a ɗora masa na ƙungiya uku. Ya halarci taron safe na ƙungiyar da yake ranarta, sauran su sami saƙo gajere daga mai riƙe da jadawali. Kafin ya bar kowane gari kuma ya rubuta rabin shafi a littafin da ke zama a can: abin da ya gama, abin da ya rage, abin da kada a taɓa, da abin da za a tanada kafin ya dawo.

Saura maganar larura, wadda ita ce ƙofar da duk tsari ke fita ta cikinta in ba a sa mata ƙyaure ba. Kowane shugaba yana ganin nasa larura ce, don haka sai a fayyace ma'anarta tun ana zaman lafiya, a rubuta, kowa ya sa hannu. Malaman usulu sun jera mana abubuwan da shari'a ta zo ta kiyaye, suka kuma gabatar da rai da hankali a kan dukiya, wannan tartibi ya ishe mu ma'auni. Ɓarkewar amai da gudawa ko sanƙarau larura ce. Ambaliya irin wadda ta ci gidaje a Gummi a watan Agusta na 2024 larura ce, ranar irin wannan a ajiye jadawali kowa ya nufi can. Amma ziyarar baƙi daga Gusau ko Abuja, da rahoton da aka san ranar miƙa shi tun watan jiya, da kwanakin allurar rigakafin shan inna waɗanda ake sanarwa tun da wuri, waɗannan ba larura ba ne, abubuwa ne da ya kamata su shiga rabo tun ranar zama. Mai riƙe da jadawali kaɗai ke da ikon karya rabo, kuma duk ranar da aka karɓa daga wani bashi ce, a rubuta ta a gefen allo a rama masa a zango na gaba. In aka ga ana karya rabo fiye da sau ɗaya a kowane zango, to a daina zargin ƙaddara, aikin ne ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai a kai magana sama da allon a hannu a matsayin hujja.

Shi kansa ma'aikacin yana da haƙƙoƙi waɗanda sau da yawa suke faɗawa tsakanin iyayengiji uku ba mai ɗauka, domin kowa yana zaton ɗan'uwansa ya yi. Tun ranar farko a ambaci wanda zai biya kuɗin mai da na kwana, a biya kafin tafiya, kada ya ci bashi don ya yi wa hukuma aiki. A ambaci wanda zai rubuta rahoton ƙwazonsa na shekara, shi kuma ya tambayi sauran kafin ya rubuta, domin mutumin da kowa ya gan shi kwana uku cikin goma yana iya zama a idon kowa malalaci alhali ya fi kowa gajiya. Ranar hanya a lissafa ta ranar aiki. In ya ce hanya ba ta da kyau yau, a karɓa ba gardama, domin shi ne ke da iyali a gida, kuma babu wani rahoto da ya kai ransa. A kuma ba shi ƙungiya guda da zai kira tasa, inda za a tuna da shi ranar suna da ranar ta'aziyya, domin baƙo a ko'ina ba ya daɗewa, wata rana sai a ji ya nemi canji zuwa Sakkwato.

Duk abin da na faɗa dabarun jure ƙarancin mutane ne, ba su ƙara yawansu. Abin da ke ƙarawa shi ne koyarwa, kuma ita ce aka fi sakaci da ita saboda tana rage saurin aiki a farko. A kowane gari a zaɓi mutum guda, ɗan garin wanda ba ya shirin tashi, a ce duk ranar da ƙwararren ya zo wannan yana gefensa: zuwan farko ya kalla, na biyu ya yi ana kallonsa, na uku ya yi shi kaɗai a duba bayansa, kamar dai yadda maƙera da masaƙa suka yi ta yi da 'ya'yansu. A rubuta koyarwar a allo a matsayin aiki mai cin kwanaki, domin in ba a ba ta rana ba ba za ta samu ba. Aikin gubar dalma da kansa a haka ya ƙare, a farkon 2022 MSF ta miƙa shi ga hukumomin jihar Zamfara bayan fiye da shekara 11, kuma ba a miƙa aiki sai ga hannun da aka koya wa.

Ina roƙon shugabannin sassan lafiya da na ayyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi, da masu riƙe da ayyukan ƙungiyoyi a cikinsu, kowa ya ɗauki takarda a wannan mako ya rubuta sunayen mutanen da in ɗayansu ya kwanta ciwo gobe aiki biyu ko uku za su tsaya. A gaban kowane suna ya rubuta wanda zai riƙe masa jadawali, da wanda zai fara koyo a wurinsa daga ranar Litinin.